MOTAR DA TA DAƊE A AJIYE: ABIN DA KE HANA TA TASHI

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, ma'aikata da yawa suka jingine motocinsu suka koma shiga bas da babur mai ƙafa uku. Wanda ya zaga unguwannin ma'aikata a Kaduna ko Kano ko Sakkwato zai ga motoci a gindin darbejiya an lulluɓe su da tamfol, ƙura ta hau su, tayoyinsu sun fara kwanciya. Ba tsadar mai kaɗai ke jawo haka ba. Akwai wanda aka tura kos na wata tara, akwai wanda ya tafi aikin Hajji, akwai motar gida da ɗalibi ya bari ya koma jami'a, akwai kuma motar mamaci da ke jiran rabon gado. Ko mene ne dalilin, ran da buƙata ta taso, sau da yawa kuwa buƙatar gaggawa ce kamar kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, sai a murɗa makulli mota ta ƙi tashi.

Abin da kan biyo baya sananne ne. Mai mota ya aika a kira makaniki, makaniki ya zo da yaronsa da sifana biyu, ya leƙa inji ya ce a sayo fulogi. In ba ta tashi ba ya ce famfon mai ne, in an canja wannan ma ba ta tashi ba ya ce kwayil ne. Kafin a gane ashe kan batir ne kurum ya yi tsatsa, rabin albashi ya tafi wurin masu sayar da kayan gyara. Ba lallai ne makanikin ya nufi cuta ba, lalube ne yake yi, kuma kuɗin lalubensa daga aljihun mai mota yake fita. Alhali kuwa motar da aka ajiye ta lafiya lau ba kasafai wani babban abu ke lalacewa a cikinta ba. Abubuwan da zama ke ɓatawa kaɗan ne, kuma motar kan faɗi wanda ya ɓaci da kanta, watau ta irin ƙarar da ta yi sa'ad da aka murɗa makulli. Mai motar da ya san yadda ake sauraronta, ko da bai taɓa riƙe sifana ba, ya rage wa makaniki lalube, ya kuma rage wa kansa asara.

Amma kafin a kai ga makulli, ya kamata a buɗe bonet a duba da ido. A zaro sandar gwajin baƙin mai a ga ko yana nan daidai, a buɗe murfin lagireto a ga ko ruwa bai ƙafe ba, a leƙa ƙarƙashin mota ko akwai shaidar yoyo a ƙasa. Sa'an nan a lura da ko wata halitta ta mai da injin gidanta. Ɓera yana son ɗumi da duhun cikin bonet, yana tara tsumma da takarda a cikin akwatin matatar iska, yana kuma gaigayar wayoyi; waya guda da ya datse ta isa ta hana mota tashi, ko ta ta da gobara in wuta ta biyo ta. Zanzaro kan yi gini da laka a bakin salansa. A lokacin damina maciji ma kan shiga, saboda haka a fara bubbuga jikin motar da sanda kafin a cusa hannu inda ido bai gani ba.

Akwai hali guda da bai halatta a murɗa makulli ba ko kaɗan, watau in ruwa ya taɓa shanye motar inda take ajiye, kamar yadda ya faru ga motoci masu yawa a Maiduguri a watan Satumba na 2024 sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Dalili kuwa shi ne, aikin fistin shi ne matse iska da tururin mai, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In ruwa ya shiga silinda aka tilasta wa inji juyawa, sandar fistin, wadda makanikai ke kira kwanrod, ita za ta lanƙwashe ko ta karye, aikin da da zai tsaya ga juye mai da busar da inji ya koma sayen sabon inji. Alamar da za a nema ita ce laka a ƙasan kujeru, ko jiƙaƙƙiyar matatar iska, ko baƙin mai da ya koma launin shayi mai madara. Irin wannan mota sai a ja ta zuwa gareji, a kwance fulogai a fitar da ruwan tukuna.

IN TA YI SHIRU KO TA YI ƘAS-ƘAS

In ba a ga kome ba, to, sai a shiga a murɗa makulli mataki ɗaya, a dubi fitilun gaban direba. In ba ko ɗaya da ta kama, ko sun kama dishi-dishi, an danna ham ya yi kukan wahala, ba sai an yi nisa ba, maganar wuta ce. Haka nan in an murɗa har ƙarshe aka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilu suna lumshewa tare da ƙarar, ko kuwa injin ya juya sau ɗaya ko biyu da nauyi ya tsaya. Duk waɗannan harshen batir ne, kuma a cikin motocin da suka ƙi tashi bayan zama shi ne mai laifi fiye da kowane abu.

Yana da kyau a san dalili. Batirin mota, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro asalinsa a 1859, farantan darma ne a jiƙe cikin ruwan asid, an raba su ɗaki shida, kowane ɗaki yana ba da wuta bolt 2 da ɗan kai. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka a mitar gwaji. In ya sauko 12.2 rabinsa ya tafi, in ya gaza 12 kuwa saura kaɗan ya ƙare. Mutane kan yi mamakin wannan, don suna zaton batirin da ke nuna 12 cif lafiyarsa lau tun da 12 aka rubuta a jikinsa. Batir yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a haɗa shi da kome ba, zafi kuma yana ƙara saurin wannan zuba, shi ya sa batirin da zai jure wata uku a ƙasar sanyi ba zai jure haka ba a bazarar Sakkwato ko Nguru.

Bugu da ƙari, motar zamani ba ta yin barci sosai. Agogo da rediyo da ƙararrawar ɓarayi da ƙwaƙwalwar inji duk suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan dare da rana. In an ɗauka suna jan kashi ɗaya cikin ashirin na amfiya guda, wanda ba a ɗauke shi laifi ba, a yini za su sha amfiya-awa 1.2, a kwana 30 su sha 36. Batirin ƙaramar mota kuwa bai cika wuce amfiya-awa 60 ba. Watau cikin wata guda fiye da rabinsa ya tafi ba tare da wani abu ya lalace ba. Kik kuwa, injin lantarkin nan da ke juya babban inji, wanda aka fara sa wa motar Cadillac a Amurka a 1912 ya raba direbobi da wahalar juya hannu, yana buƙatar amfiya fiye da 100 a tashi ɗaya. Batirin da ke iya kunna rediyo da fitilar cikin mota ba shaida ba ne cewa zai iya juya kik, kamar yadda tulun da ya isa alwala ba lallai ya isa wanka ba.

Kafin a yanke wa batir hukunci, a duba kawunansa biyu. Wani farin gari ko kore-kore kan taru a kansu ya hana wuta wucewa, ko a tarar maƙalar ta saki har tana juyawa da hannu. A kwance ta, a fara da mai alamar ragi, a wanke da ruwan zafi da ɗan kanwa, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a mayar a ɗaure tam, wannan karon a fara da mai alamar tarawa. A bi kuma baƙar wayar nan mai kauri da ta tashi daga batir zuwa jikin mota a ga ko inda aka ɗaure ta bai yi tsatsa ba. Wannan aikin minti goma, wanda ba ya cin ko kwabo, ya ta da motoci da yawa da aka riga aka yi wa cinikin sabon kik.

In batirin ne ya sauka, abin da ya fi shi ne a cire shi a kai wurin masu caji ya kwana yana sha a hankali. In gaggawa ta hana, a jawo wuta daga wata mota, amma bisa tsari. Jar waya ta haɗa kan tarawa na wannan da kan tarawa na wancan. Baƙar waya ta tashi daga kan ragi na batir mai rai, ɗaya bakinta kuma a maƙala shi a wani tsiraran ƙarfe na injin motar da ta mutu, nesa da batirinta. Hikimar haka ita ce batir yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, maƙalawar ƙarshe kuwa ita ke yin tartsatsi, saboda haka gara tartsatsin ya tashi can gefe. Wanda ya juya wayoyin kuwa, ya sa ja inda baƙa take, cikin ƙiftawar ido zai iya ƙona altanato da ƙwaƙwalwar inji gaba ɗaya.

A nan ya kamata a yi magana a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu: a ɗora batirin aro a ta da mota, sa'an nan a cire shi inji yana aiki a mai da mataccen, ko a zare kan batir don a gwada ko altanato yana caji. A zamanin fijo 504 da kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da ƙwanƙwasa-kwano irin ta Volkswagen, ana yin haka a kwana lafiya, don babu wani abu mai laushi a wayarinsu. A motar da ke da ƙwaƙwalwa kuwa wannan ganganci ne, gama batir shi ne ke shanye hauhawar wutar altanato, in an cire shi wutar na iya tsalle ta ƙona abin da kuɗinsa ya fi na batir sau da yawa. Gwajin gaskiya da mita ake yinsa: inji yana aiki, batir ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.7. Makanikin da ba shi da mita a wannan zamani, ya kamata mai mota ya yi tunani kafin ya miƙa masa makulli.

Wani abin baƙin ciki kuma shi ne, batirin da ya daɗe a sauke ba ya dawowa yadda yake. Wani gishiri mai tauri kan daskare a jikin farantan darmar, wanda caji ba ya narkar da shi. Irin wannan batir zai nuna ya cika a wurin mai caji, ya ta da mota yau, gobe da safe ya sake kwantawa. In ana murɗa makulli mita ta faɗi ƙasa da bolt 9.6 bayan an yi masa cikakken caji, to, kwanansa ya ƙare.

Akwai kuma shirun da ba na batir ba. In fitilu suna haske sosai, ba su rage ba sa'ad da aka murɗa, amma ba a ji kome ba, a fara duba abin da ya fi sauƙi. Mota mai giyar otomatik ba ta tashi sai sandar giya tana kan P ko N, a motsa ta a sake gwadawa. Waɗansu masu giyar hannu sai an taka kuloci har ƙasa. In wata 'yar fitila mai hoton makulli tana ƙyaftawa, motar ce ba ta gane makullinta ba. In kuwa aka ji ƙas guda ɗaya mai ƙarfi sa'an nan shiru, zargi ya koma kan kik, wanda tsatsa ko ƙura kan maƙale shi. Ɗan bugu a hankali da ƙotar guduma, wani yana murɗa makulli, yakan sake shi na wannan rana, amma gyara yana nan yana jira.

IN TANA JUYAWA BA TA KAMAWA

Hali na biyu shi ne inji ya yi ta juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa. Wannan albishir ne ta wani gefe, don ya wanke batir da kik. Saura abu uku da kowane injin fetur ke buƙata: mai da tartsatsi da iska. Sai dai a kiyaye, kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere, a kuma huta kamar minti ɗaya tsakanin gwaji da gwaji. Kik ba a yi shi don doguwar tafiya ba, yana zafi da sauri, kuma masu haushi da yawa sun ƙona lafiyayyen kik a kan laifin da ba nasa ba.

A fara da mai, kuma kada a ji kunyar tambayar ko akwai shi, gama allurar gwaji na iya maƙalewa, motar da ke ajiye a waje kuma ba ta rasa masu ziyara da tiyo da galan. A motar zamani, in an murɗa makulli mataki ɗaya ana jin wani ɗan gurnani daga wajen tanki na kamar daƙiƙa biyu. Famfon mai ke nan yana cika bututu. In ba a ji shi ba, a duba fis ɗinsa da rile ɗinsa kafin a yi maganar sabon famfo, don su ne masu arha kuma su ne ɓera da danshi ke fara taɓawa.

Fetur kansa yana tsufa. Sassansa masu sauƙin tashi, waɗanda su ne ke kama wuta a inji mai sanyi, su ke fara tsirarewa, abin da ya rage kuma ya haɗu da iska ya fara yin danƙo. Bayan wata uku zuwa shida ana fara ganin bambanci, wanda ya shekara kuwa launinsa kan yi duhu, warinsa ya koma kamar na tsohon fenti. Danƙon nan ke toshe ƙananan ramukan kafireto a tsofaffin motoci, da bakin injekta a sababbi. Tankin da aka bari kusan wayam ya fi shiga haɗari, don iskar da ke ciki tana ɗauke da danshi, sanyin dare ya mai da shi raɓa, ruwan ya kwanta a ƙasan tanki daidai inda famfo ke zuƙa, ya kuma haifar da tsatsa. In man ya haura wata shida kuma kaɗan ne, a ƙara masa sabo mai yawa. In ya yi wari, a juye shi a canja matatar mai. Amma fa ba da baki ba: fetur ɗin da ya kuskure ya shiga huhu yana iya kwantar da mutum a asibiti, wani lokaci ma ya kashe.

Haka nan tsiyaya fetur a bakin kafireto wani yana murɗa makulli, dabara ce da ta ƙona fuskoki da hannuwa da yawa, don inji na iya yin atishawa ya maido harshen wuta ta inda man ya shiga. In kuwa akasin haka ne, watau an yi ta taka totur har wari ya cika wurin, to, mai ya yi wa fulogai yawa sun jiƙe. Maganinsa a danne totur har ƙasa a riƙe, a murɗa makulli, iska ta share silinda.

Maganar tartsatsi ta fi damun tsofaffin motoci masu distributa, musamman da damina, sa'ad da danshi ke kwanciya a cikin murfinta, kwantak kuma ya yi tsatsa. A buɗe murfin a goge da busasshen ƙyalle, sau da yawa shi ke nan. A sababbin motoci gwajin ya fi ƙarfin mai mota, amma motar tana da hanyar kai ƙara. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa da ake kira OBD-II, Turai ma ta bi da irin tata ga motocin fetur a 2001, yawancin tokumbo da ke kan titunanmu kuwa daga can suka zo. Ana cusa 'yar na'ura a wannan kafa, a ƙarƙashin sitiyari, ta karanto abin da ƙwaƙwalwar inji ta gani. Kuɗin wannan gwaji bai kai na kwayil guda da za a saya bisa zato ba. Motar dizal ita ba ta da fulogin tartsatsi. Abin da zama ke yi mata shi ne man ya koma tanki iska ta shiga bututu, sai an yi ta danna ɗan famfon hannu an fitar da iskar.

To, turi fa? Mota mai giyar hannu ana iya tura ta, a sa giya ta biyu a saki kuloci, muddin akwai ɗan saura a batir da zai kunna famfon mai da ƙwaƙwalwa. Mai otomatik ba a tura ta, ko samarin unguwa duka za su taru. Turi kuma maganin batir ne da kik kaɗai, motar da ke juyawa ba ta kamawa ko an tura ta daga Zariya zuwa Funtuwa ba abin da zai sake.

Wanda ya san zai yi doguwar tafiya yana iya kauce wa yawancin wannan. Ya zare kan batir mai alamar ragi, ya cika tanki in hali ya yi, ya ƙara wa tayoyi iska, ya sa duwatsu ko katako a bayan taya maimakon jan hambirki, wanda tsatsa kan manne shi. Al'adar barin yaro ya ɗumama mota minti biyar kowace safiya tana tsaye, illarta ta fi amfaninta, gama wutar da kik ya ci ba ta dawowa cikin minti biyar, inji kuma bai yi zafin da zai kori danshi daga baƙin mai da salansa ba. In akwai amintaccen direba, tafiyar minti 30 sau ɗaya a mako biyu ta fi.

Ran da motar ta tashi kuwa, kada a daka mata totur nan take, don baƙin mai ya riga ya tsiyaye zuwa ƙasan inji, yana buƙatar ɗan lokaci ya hau. A dubi jar fitilar mai, in ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi ba a kashe inji. Sa'an nan a taka birki tun ana cikin gida a ji ko yana da tauri, a duba gefen tayoyi ko rana ta tsattsage su, a fita a hankali a zaga unguwa sau biyu kafin a hau babban titi.